Neman kalmar Hausa: me za mu kira "tampon" na buga ƙwari a katin gaisuwa?

Mai Kati, Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa masu yin katin barka da salla da na suna da hannu. Ina neman sunan robar nan da ake sassaƙa fara ko malam-buɗe-littafi a jikinta, a taɓa tawada a buga a takarda. Tampon ɗin Faransanci yana rikita masu koyo, domin robar tampon ce, soson tawadar ma tampon. Wasu na cewa kashe (cachet na Faransanci), shi kuma ya yi karo da kashe tamu ta Hausa.

Malamar Zane, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Kan sarki na gidan waya ne, a cire shi. Tambari yanzu ya fi tafiya da alamar kamfani. Ni hatimi na zaɓa.

Masassaƙi, Ngaundare:
Malama, hatimi kaɗai ofis yake kawowa a rai, abin da ake bugawa kan sa hannu. Me zai hana madangwali? Aikin ai dangwalawa ne: ka ɗora, ka danna sau ɗaya, ka ɗaga a miƙe. Wanda ya murza ko ya karkata hannu, ƙafafun ƙwaron biyu-biyu za su fito.

Malamar Zane, Marwa:
Kalmar ta yi daɗi, Yaya, sai dai soson ma madangwali ne, a jikinsa ake dangwalo tawadar. Mun koma gidan jiya ke nan. A ce hatimin ado, soson kuma matashin tawada, aikin ya zama dangwalawa.

Masassaƙi, Ngaundare:
Na karɓa. To ga yadda ake yin hatimin ado. Samu farar robar goge fensir mai laushi, ko tafin silifas mai sumul. Zana ƙwaron da fensir a takarda, kifa shi kan robar ka goga da farce, zanen zai hau a juye, haka ake so. In akwai rubutu dole ya juye, in ba haka ba a bai-bai zai fito. Da sabuwar reza za ka cire abin da ba zane ba, zurfin milimita 2, kana karkata bakin rezar waje don gindin layi ya fi samansa faɗi. Ƙafafu da gashin kai ne ke fara gutsurewa, kada su gaza milimita 1. A kuma ƙirga: ƙafa 6 ƙwaro yake da su, duka a ƙirji, ba a ciki ba. Ƙudan zuma fiffike 4 ne da shi.

Hajiya Mai Shago, Injamena:
Madalla, 'ya'yana. Takarda a nemi biristol, takarda mai kauri, mai giram 200 zuwa 250 a murabba'in mita. A4 ɗaya a raba biyu, kowane rabi a ninke, kati ya zama santimita 10.5 da 14.8, daidai ambulan C6. A ja layi da bayan wuƙa kafin ninki, don kada takardar ta tsage. Mai sheƙi ba ta shan tawada, sai ta shafe a yatsa. Da hunturu a rufe matashin bayan kowane bugu, nan da nan yake bushewa.

Mai Kati, Garwa:
Na gode, Hajiya. Mun tsaya a hatimin ado, matashin tawada, dangwalawa. Saura sunan ƙaramar wuƙar sassaƙa mai baki kamar harafin V, wadda ke fitar da jijiyoyin fiffike.