Muhawara: Shin ziyarar yini ɗaya tana nuna wa iyaye gaskiyar jami'a?

Malamin sakandare, daga Funtuwa:
Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Ina da wata magana da na daɗe ina juyawa a raina, kuma na san ba kowa zai yarda da ita ba. A ganina, ziyarar da iyaye suke kaiwa jami'a kafin su yanke shawarar inda ɗansu zai yi karatu, cutarwarta ta fi amfaninta. Shekara da shekaru ina taimaka wa 'yan ajin ƙarshe wajen cike takardar JAMB, wato ta jarrabawar neman shiga jami'a, kuma abin da nake gani shi ne uba ya tafi da tunaninsa daidai, ya dawo ƙofar shiga da fenti sun tafi da hankalinsa. Akwai mahaifin wani ɗalibina da ya je wata jami'a mai zaman kanta, aka tarbe shi a ofis mai sanyi, aka ba shi ruwan roba da ƙasida mai hotuna, aka zagaya da shi ɗakin kwamfuta da ɗakin gwaje-gwaje. Ya dawo yana cewa ya ga makaranta, har ya sayar da gona ya biya kuɗin shekara. Sai da yaron ya kai aji biyu sannan aka gane cewa kwas ɗin da yake yi bai samu amincewar da ake buƙata daga hukuma ba. Ba wanda ya yi wa mutumin nan ƙarya kai tsaye. An nuna masa abin da ake so ya gani ne, shi kuma bai san tambayar da zai yi ba.

Alhaji, ɗan kasuwa daga Gusau:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, a nan ban bi ka ba. Ni ɗan kasuwa ne, kuma a sana'armu ba a cinikin biri a sama. Lokacin da babbar 'yata ta samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello, na ce ba inda za ta, domin abin da nake ji a majalisa game da 'yan matan jami'a bai kwanta mini ba. Ƙanena ne ya matsa mini, ya sa ni a mota muka tafi Zariya. Muka sauka a Kwangila, muka kama hanyar Samaru, muka shiga ana dab da azahar. Na yi salla a masallacin jami'ar, na ga sahu cike da samari. Na tsaya a bakin Laburaren Kashim Ibrahim ina kallon yara suna shiga da fita da littattafai, da yawa daga cikin matan da hijabinsu har ƙasa, irin shigar da 'yata take yi a gida. Na je bakin Amina Hall, ɗakunan kwanan ɗalibai mata, masu gadi suka dakatar da ni, suka ce namiji ba ya wucewa, kuma wallahi wannan dakatarwar ce ta fi komai kwantar mini da hankali. A ranar na ba ta izini. Yau ta gama, tana aiki, tana ɗakin mijinta. Da ban je ba, da na tauye ta a kan jita-jita.

Malamin sakandare:
Alhaji, na yi murna da yadda abin ya ƙare, Allah ya ƙara albarka. Amma ka lura da abin da labarinka yake nunawa. Makomar yarinya gaba ɗaya ta rataya ne a kan abin da idonka ya ci karo da shi cikin awa uku. Da a ce ka shiga ta wata ƙofar, ka ga wasu matasa cikin shigar da ba ka so, ashe da ka juya ka hana ta, alhali jami'ar ita ce dai, malamanta su ne dai. Wannan shi ne abin da yake ba ni tsoro.

Hajiya, uwar ɗalibai biyu, daga Kano:
Malam da Alhaji, ku gafarce ni, amma ku biyun ziyarar maza kuke magana a kai. Namiji idan ya je, ofis yake shiga, ya gaisa da wani da ya sani, ya duba masallaci da katanga, ya dawo. Inda yarinya za ta kwana shekara huɗu, ba a ma barinsa ya leƙa, kamar yadda Alhaji ya faɗa da bakinsa. Ni da na raka 'yata wata jami'ar gwamnati, wadda ba zan ambaci sunanta ba, na roƙi matar da ke kula da ɗakunan kwana ta bar ni na shiga. Ɗakin da aka yi wa mutum huɗu, na ƙirga katifa takwas, saboda kowace mai gado ta raɓa wata da ba ta samu gurbi ba. A bakin famfo bokitai ne a jere sun fi talatin, kowanne an rubuta sunan mai shi da jan farce, ana jiran a kawo wuta a tayar da burtsatse. Na shiga banɗaki na fito, ban ce wa kowa komai ba. A baranda wata yarinya tana dafa taliya a ƙaramin gas, ta miƙe ta gaishe ni, ta ce in zauna in ci.

Ban hana 'yata zuwa ba. Abin da ziyarar ta canza shi ne shirin da na yi mata: na saya mata jarka biyu da babban bokiti mai murfi, da fitila mai caji, da gidan sauro, na kuma zaunar da ita na gaya mata abin da za ta tarar, don kada ta kira ni tana kuka a makon farko. Yarinyar nan mai taliya kuwa, na karɓi lambarta, ita ce ta riƙe mini 'yata kamar ƙanwarta. Wace takarda ce za ta ba ni wannan, Malam?

Dakta, malama a wata jami'ar tarayya:
Hajiya ta faɗi gaskiya a kan ɗakunan kwana, amma a kan ainihin karatu ina tare da Malam, kuma ina magana ne a matsayin wadda take ciki. Yawancin sababbin gine-ginen da suke burge iyaye a jami'o'in gwamnati, idan kuka duba jikinsu za ku ga an rubuta TETFund, wato asusun da ake tarawa daga harajin kamfanoni don raya manyan makarantu. Aiki ne mai kyau, amma gini ba ya koyarwa. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki na kusan wata tara, a 2022 kuma ta yi wani daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur. Duk tsawon lokacin nan gine-ginen suna tsaye da kyansu, wanda ya kai ziyara zai ga fulawoyi da tituna, yara kuwa suna gida shekarunsu suna tafiya.

Abin da yake tabbatar da darajar takardar da yaro zai fita da ita, ba a ganinsa da ido. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, kwas-kwas take tantancewa, ba jami'a dunƙule ba, don haka jami'a ɗaya tana iya samun cikakkiyar amincewa a wani kwas, ta samu ta wucin gadi a wani, a hana ta a na uku. Bayan ita akwai hukumomin sana'a: ta likitoci, MDCN, da ta injiniyoyi, COREN, da majalisar ilimin shari'a, kuma ta likitoci da ta shari'a suna ƙayyade adadin ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka. Jami'ar da ta wuce adadinta, yaranta ne suke shan wahala daga baya, lokacin da ake neman shiga makarantar horar da lauyoyi ko rantsar da sababbin likitoci. Na taɓa ganin wani sashe, a wata makarantar, da aka yi masa fenti aka jera kayan aro a ɗakin gwaji saboda zuwan masu tantancewa, bayan sun tafi aka mayar wa masu su. Idan ana iya shirya wa farfesoshi ido haka, ina ga uban da ya zo daga ƙauye?

Akwai kuma kuskuren wuri. Jami'ar da Alhaji ya ambata, wanda ɗansa zai karanta shari'a, a harabar Kongo zai zauna, can cikin Tudun Wada, ba Samaru ba. Mai karatun likita kuma, idan ya kai shekarun asibiti, Shika zai koma, inda asibitin koyarwa na jami'ar yake. Haka a Jami'ar Bayero akwai tsohuwar haraba da sabuwa ta hanyar Gwarzo, ga kuma Asibitin Malam Aminu Kano inda ake koyon aikin likita. Iyaye da yawa suna ziyartar harabar da ɗansu ba zai zauna a cikinta ba, su dawo da gamsuwa.

Ɗaliba 'yar aji uku:
Ina gaishe da iyayena duka, kuma ina neman afuwa da na sa baki a maganar manya. Abin da nake so in ƙara shi ne lokacin zuwa. Mu da Babana mun je makarantarmu ne a lokacin hutu, ranar Asabar. Ko'ina shiru, an share, ɗakin lakca ya yi mana girma har Baba yana mamaki. Ranar Litinin ta farko da na shiga wannan ɗakin da ƙarfe takwas saura kwata, babu wurin zama, wasu a kan taga, wasu a tsaye a baya, lasifika ba ta aiki, muna kwafar rubutu daga littafin na gabanmu. Da a ranar muka zo, da Baba ya ga makarantar da nake ciki yanzu.

Abu na biyu, iyaye ba sa zuwa unguwannin da ke bayan katanga, alhali a nan ɗalibai da yawa suke haya saboda gado ba ya isa. A watan Satumba na 2023, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da 'yan bindiga suka sace, daga gidajen haya na Sabon Gida aka ɗauke su, ba daga cikin haraba ba, kuma yawancinsu mata ne. Duk wanda ya tsaya a kan tsayin katanga da yawan masu gadi a ƙofa, bai ga inda 'yarsa za ta iya kwana ba. Sannan, Baba da Mama, don Allah idan kun je ku tambayi ɗalibai, kada ku tsaya ga ma'aikata kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Alhaji:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Abin Sabon Gida a garinmu ya faru, mun san zafinsa, kuma tun daga lokacin ba ni da wata tambaya da ta wuce inda yaro zai kwana. Amma ki lura, maganarki ba ta ce kada a je ba, cewa ta yi a je da kyau. Wa zai gaya mini nisan gidan haya daga ƙofar makaranta, da ko akwai fitila a hanyar, da irin mutanen unguwar, in ba ƙafata ba? Dakta ta ba mu ilimi, na kuma ƙaru, amma takardar NUC ba ta da labarin wannan.

Tsohon ma'aikacin ofishin rajista, mai ritaya:
Na karanta duka, kuma ina ganin kun manta da mafi yawan mutane. Wannan muhawara ta masu zaɓi ce. Talaka ba ya zaɓen jami'a da ido; yaronsa yana cike takardar JAMB a farkon shekara, a cibiyar kwamfuta, yana duba makin da ake nema da kuma inda yake da damar samu. A jami'o'in tarayya ƙa'idar rabon gurbi ita ce kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimin boko. Tun 2017 kuma ta tsarin JAMB na intanet da ake kira CAPS ake tabbatar da gurbi, yaro ya ga sunansa a waya ya amsa. Wannan lissafin ne yake kai yaro makaranta, ba ziyara ba. Yawancin iyayen da na gani a shekarun aikina, ranar rajista suka fara taka harabar, da katifa a ka da buhun garin kwaki, wasu kuwa sai ranar yaye ɗalibai. A lokacin ko sun ga abin da bai yi musu ba, kuɗin sun riga sun fita, kuma ba mai mayar da gurbin da aka sha wahala aka samu. Inda ziyara take yanke hukunci da gaske shi ne jami'o'i masu zaman kansu, da kuma na ƙetare irin waɗanda mutanenmu suke kai 'ya'ya a Nijar da Kwatano, kuma a nan ne gargaɗin Malam ya fi ƙarfi, domin mai neman ka biya shi ne yake riƙe da hannunka yana zagayawa da kai.

Malamin sakandare:
Baba ya taɓo inda nake nufi, na gode. Na yarda da Hajiya cewa ziyara tana gyara shiri, na kuma yarda cewa batun inda yaro zai kwana sai da ƙafa. Amma har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya: duk wanda ya je kafin ya bincika matsayin kwas ɗin, ya riga ya ba zuciyarsa dama ta rinjayi hankalinsa, domin idan wuri ya shiga ran mutum, ko an kawo masa hujja daga baya uzuri yake nema masa. Mahaifin ɗalibin da na ba ku labarinsa, sau biyu na ce masa ya tsaya mu duba, ya ce mini ai ya gani da idonsa. Ranar Asabar muna da taron iyaye a makarantarmu, kuma abin da zan gaya musu ke nan, a fara da takarda.

Hajiya:
To Malam, ni dai autana yana neman injiniya, kuma mako mai zuwa zan je, ranar Talata da sassafe, lokacin da ake karatu, kamar yadda maganar 'yarmu ta nuna, zan kuma shiga unguwar haya. Amma na ɗauki taka, ba zan tafi hannu rabbana ba. Dakta, a ina zan duba wannan amincewar kafin in tashi?

Dakta:
Hajiya, NUC tana wallafa sakamakon tantancewa a shafinta na intanet, sai ki sa yaron ya nemo sunan jami'ar da kwas ɗin, ya duba matsayinsa da shekarar da aka ba shi, domin amincewar tana da wa'adi. Tunda injiniya ne, a duba na COREN ma. Idan kin isa, ki wuce ofishin shugaban sashen kai tsaye, ki tambaye shi yawan malamansu na dindindin da yawan 'yan aji ɗaya, sannan ki nemi 'yan aji huɗu ki ji ko sun taɓa kunna injinan da ke ɗakin gwajin da hannunsu.