Sai da takardar kwaleji ake koyar da 'yan nazire?

Mai Makaranta: Salamu alaikum jama'a. Bari in tayar da ƙura tun da safe. Ni a wurina, sharaɗin nan na cewa sai mutum ya yi shekara uku ko huɗu a kwaleji kafin ya tsaya gaban yara 'yan shekara uku zuwa biyar, ɓata lokaci ne kawai. Shekarata goma sha ɗaya ina ɗaukar malamai ina sallama. Wadda ta fi kowa iya riƙe aji a wurina takardar sakandare kaɗai gare ta, amma yaro yana tsala kuka ta ɗauke shi, sai ka ji tsit. Na taɓa ɗaukar mai digiri, sati uku ta yi ta gudu, wai hayaniya na sa mata ciwon kai. Aikin nan haƙuri ne da son yara, su kuwa ba a rubuta su a allo.

Ɗalibar Shekara ta Biyu: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba gardama zan yi da ke ba, amma ni ma haka na ɗauka kafin in shiga kwaleji. Abin da ya sauya min tunani ɗan ƙarami ne. A zangon farko na gwajin koyarwa, akwai wani yaro ɗan shekara huɗu da ke ƙirga ɗaya zuwa talatin ba gargada, kowa na cewa ya iya lissafi. Malamar da ke duba ni ta zube marafan kwalba a gabansa ta ce, "Ba ni guda biyar." Sai ya damƙo cikin hannu ya miƙa mata. Ta ce ya ƙirga, yatsansa na gudu, bakinsa na gudu, amma kowa hanyarsa daban: marfi ɗaya ya taɓa shi sau biyu, wani ya tsallake shi. Ashe waƙar ƙirga ya haddace, bai san me biyar take nufi ba. Wallahi da ni kaɗai ce, da na rubuta masa "ya ƙware" na wuce gaba.

Mai Makaranta: To 'yata, wannan ai a minti biyar kika koya mana shi. Ina amfanin shekara ukun?

Anti Mai Ajin Ƙanana: Allah ya saka miki Hajiya, kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Shekarata goma sha huɗu a ajin 'yan shekara uku. Duk mai difloma da aka kawo, ni nake koya mata yadda ake kai yara ashirin bayan gida ba tare da rabinsu sun jiƙa wando ba, da yadda ake raba masu cizo, da yadda ake karɓar yaro daga hannun uwarsa ranar farko. In ta kama hannu, sai a ba ta shugabancin sashe, ni ina nan inda nake, saboda ba ni da takarda. Ina dai yi ne don yaran.

Baban Tagwaye: Anti, sannu da ƙoƙari, Allah ya biya. Amma bari in faɗi nawa a matsayin uba. Tagwayena suna da shekara uku da rabi aka fara aiko su da aikin gida: a rubuta 1 zuwa 50, kullum. Macen tana kuka, fensir na zamewa, uwarsu na riƙe mata hannu. Malamar mutuniyar kirki ce, tana son su kamar ita ta haife su. Sai dai ba wanda ya taɓa gaya mata cewa yatsun yaro a wannan shekarun ba su yi ƙwarin wannan aikin ba. Da muka sauya musu makaranta, sabuwar malamar ta yi wata biyu tana sa su murza yumɓu, su zira duwatsun ado a zare, su yayyaga takarda. Har na je yin faɗa, na ce na kawo yara karatu an mai da su 'yan wasa. Ita ce kuma ta lura namijin ba ya juyowa idan an kira shi ta baya, ta ce mu kai shi a duba kunnensa. Ruwa ne ya taru a ciki. Mu da muka haife shi, taurin kai muke ce masa.

Mai Makaranta: Malam, wannan lura ce, baiwa ce daga Allah. Kuma tunda ana son hujja, ku duba ita kanta Maria Montessori da ake ta liƙa sunanta a ƙofar makarantu. Da ta buɗe ajinta na farko a unguwar San Lorenzo a birnin Rum a 1907, wa ta damƙa wa yaran nan wajen hamsin? 'Yar mai kula da ginin, wadda ba ta yi karatun koyarwa ba. A nan tsarin da duniya ke yabo ya faro.

Tsohon Sufeto: Hajiya, kin faɗi gaskiya, amma rabinta kika ɗauko. Wa ke tsaye a bayan yarinyar? Likita ce wadda ta gama jami'ar Rum a 1896, ta yi shekaru tana aiki da yara masu jinkirin fahimta, tana zuwa ajin tana kallo tana rubutawa tana gyara. Kuma ba ta zauna a haka ba: a 1909 ta buɗe kwas ɗin farko na horar da malamai. Da ta yarda cewa baiwa ta isa, da ba ta wahalar da kanta ba. Abin da ta guda shi ne malamar da aka riga aka horar da ita a kan jera yara a benci ana yi musu ihu. Ni na yi shekaru ina zagaya azuzuwa, kuma abin da ya fi ba ni takaici ke nan: ajin 'yan shekara huɗu an mai da shi ƙaramin aji uku na firamare.

Malamar Kwaleji: Baba, ka riga ni. Ni da nake cin abinci da horar da malaman nan, bari in ba Hajiya makami da hannuna. A 2007 wasu masu bincike a Amurka, ƙarƙashin Diane Early, sun sake tace bayanan manyan bincike guda bakwai a kan azuzuwan 'yan shekara huɗu. Tambayarsu: shin digirin malama na tafiya da ingancin ajinta da ci gaban yaranta? Ba su sami tsayayyar alaƙa ba. A wani wurin a ga ɗan amfani, a wani babu, a wani ma akasin haka. Wannan sakamakon ya ɗaga hankalin mutane irina.

Mai Makaranta: Alhamdu lillahi! A rufe taro.

Malamar Kwaleji: Tsaya mana Hajiya, ban kai aya ba. Su kansu masu binciken ba su ce a daina horarwa ba. Sun ce ƙara wa malama takarda kaɗai ba zai gyara aji ba. Ai kalmar digiri buhu ce, sai an kwance bakinta ake sanin abin da ke ciki. Akwai kwalejin da ɗaliba za ta gama ba ta taɓa zama da ɗan shekara biyu na awa ɗaya ba, an cika ta da tarihin ilimi da dabarun koyar da manyan yara, an ɗan yayyafa mata ka'idojin Piaget, masanin yadda tunanin yara ke girma, don jarrabawa. Akwai kuma wadda tun shekarar farko ake tura ta aji, a ce ta zaɓi yaro ɗaya ta bi shi da ido na minti goma, ta rubuta abin da ta gani kawai. In ta rubuta "ya yi fushi", a soke, a ce me kika gani? Ya jefar da mota, ya juya baya, ya cusa yatsa a baki. Sai ta yi wannan sau ɗari kafin idonta ya buɗe. Abin da Baban Tagwaye ya ba da labari, wanda kika kira baiwa, rabinsa daga nan yake fitowa. Ni kan zauna a bayan aji da agogo ina auna daƙiƙa nawa ɗaliba ke jira bayan ta yi wa yaro tambaya. Yawancinsu ko biyu ba sa kaiwa sun amsa wa kansu. Kafin in koya wa mutum ya yi shiru ya jira ɗan shekara uku ya haɗo kalmominsa, zango guda ya tafi.

Tsohon Sufeto: Kuma duk mai kafa hujja da cewa karatun ƙuruciya na da riba, ya san daga ina hujjar ta fito. Shirin Perry ne, wani gwajin karatun nazire a garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka, daga 1962 zuwa 1967. Yara 123 'ya'yan talakawa, 58 aka sa a shirin, aka bi rayuwarsu har suka wuce shekara 40. Waɗanda suka shiga sun fi samun kuɗin shiga, kuma an fi kama takwarorinsu da ba su shiga ba da laifi. James Heckman, wanda ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2000, ya ƙiyasta ribar da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a shekara. To su wa suka koyar a can? Malamai masu digiri da lasisin koyarwa, kowace da yara biyar zuwa shida, awa biyu da rabi da safe, kuma duk mako sai sun ziyarci gidan kowane yaro. Ba a ɗauko ribar Perry a liƙa wa ɗaki mai yara arba'in da malama ɗaya.

Mai Makaranta: Baba, kai ma ka ba ni makami. Yara shida! A ba Anti yara shida mana a gani in ba ta yi abin mamaki ba. Wa ya ce digirin ne ya yi aikin, ba ƙarancin yaran ba?

Tsohon Sufeto: Nan kam kin kama ni. Ba a rarrabe su ba a wancan binciken, a haɗe suka zo.

Malamar Kwaleji: Akwai ma inda takardar ke ƙara wa malama yara. A Ingila, ga 'yan shekara uku zuwa sama, ma'aikaciya mai matsakaiciyar shaida yara takwas doka ta yarda ta riƙe, amma idan akwai cikakkiyar malama a ɗakin, ana iya kai wa goma sha uku. Wato hukuma na cewa horo na iya maye gurbin hannu. Ni kaina ban gama yarda da wannan lissafin ba, don ilimi ba ya ɗaure igiyar takalmi goma sha uku lokaci guda.

Anti Mai Ajin Ƙanana: Duk na ji. Amma ba wanda ya amsa min tawa. Idan gobe aka ce dole sai da takarda, ni ina zan nufa? In ajiye aiki in koma aji da sa'o'in 'ya'yana? Da wane kuɗi?

Malamar Kwaleji: Yaya, tambayarki ita ce ta fi kowacce nauyi, kuma an yi rigimarta a zahiri. A 2016 birnin Washington ya kafa doka cewa malaman gidajen renon yara sai sun mallaki shaidar kwaleji ta shekara biyu. Mata irinki suka yi ca, wasu har kotu, aka yi ta ɗaga wa'adin. Daga baya birnin ya gane ba a ɗora wa mutum karatu a bar shi da tsohon albashi, sai ya ware asusu na ƙara musu kuɗi. In ba haka ba, wadda ta sha wahalar digiri firamare za ta tsallaka inda ake biya da kyau, ajin ƙanana ya koma hannun sababbi. Wataƙila ma abin da ya kori mai digirin Hajiya ke nan, ba ciwon kai ba.

Mai Makaranta: A'a Malama, kar a shigo da albashina cikin zancen nan.

Malamar Kwaleji: Na janye, Hajiya. Yaya, akwai hanyar tsakiya. A Amurka tun 1975 suna da wata shaida da ake kira CDA, don wanda ke cikin aiki: awa 120 na darasi, awa 480 na aiki da yara, sannan wani ƙwararre ya zo ajinki ya ga yadda kike yi, ki kuma rubuta jarrabawa. Awa 480 ɗin kin ninka su ba adadi. Abin da ya rage miki darasin ne: matakan girman yaro, alamomin jinkirin magana da ji, abin da ake yi idan abu ya sarƙe wa jariri a maƙogwaro, yadda ake gane yaron da ake cutarwa a gida da wanda za a sanar. Waɗannan ba na son kowa ya koye su ta hanyar kuskure a kan ɗan wani.

Anti Mai Ajin Ƙanana: Awa 120 kam zan iya, in za a yi da yamma. Amma a rubuta a takardar cewa ni na koya wa masu diflomar kai yara bayan gida.

Ɗalibar Shekara ta Biyu: Anti, wallahi da za a ba ni zaɓi, a ajinki zan yi gwajin koyarwata ta ƙarshe. Mu ba a koya mana wannan ba ko sau ɗaya.

Baban Tagwaye: Hajiya, ke fa? Har yanzu ɓata lokaci ne?

Mai Makaranta: Shekara huɗun dai ban sauka ba, Malam. Ban ga abin da ake yi a ciki da ba za a yi shi a ɗaya da rabi ba, in an zubar da tarkacen da Malama da kanta ta ambata. Amma gobe in Allah ya kai mu zan tara marafan kwalba in shiga ajin gwanar tawa. Yaranta duk suna ƙirga har hamsin. Zan ce kowa ya ba ni biyar, in dawo muku da abin da na gani.

Tsohon Sufeto: To Hajiya, kar ki gaya wa malamar tukuna. Kuma wanda ya ba ki biyar daidai, ki baza su a tebur da ɗan faɗi, ki sake tambayarsa nawa ne.