Musayar Waƙa: Wa Ya Gaji Gandayen Ingila Bayan 1066?

Mai Alƙalami:

Assalamu alaikum. Batunmu na wannan makon shi ne yadda gandayen Ingila suka fita daga hannun masu su na asali, wato Saksonawa, suka koma hannun Normawa, mutanen Normandi da ke arewacin Faransa. Baiti ƙwar biyu ne, amsa-amo "na", kuma duk wanda zai kawo suna ko shekara ya tabbatar ya kawo daidai.

A Janairun 1066 Sarki Edwad na Ingila ya kwanta dama,
Bai bar ɗa ba, sai rigimar gado da yawan magana.

Harold ya hau karaga, Wiliyam na Normandi ya ce tasa ce,
Ya tsallako teku da dawakai yana cewa an ci masa amana.

Ran 14 ga Oktoba rundunoni suka gwabza kusa da Hastings,
Harold ya faɗi a fagen fama gab da faɗuwar rana.

Ni ba batun karaga ya dame ni ba, 'yan'uwa, ku ba ni amsa,
Ina masu gandaye suka shiga, wa ya gaje musu gona?

Uwar Ɗaki:

Malam, tambayarka tana da amsa a rubuce tun wancan zamani,
Domin Wiliyam da kansa ya sa aka bi ƙasar aka auna.

A Kirsimetin 1085 ya yi doguwar shawara da fadawa a Gloucester,
A 1086 wakilansa suka bazu, suna rantsar da shaidu suna tona.

Kowane gandu sai an faɗi darajarsa a lokuta uku,
Zamanin Edwad, lokacin da aka bayar da shi, da kuma wannan rana.

Wani marubucin tarihi Basaksone ya koka da tsananin ƙidayar,
Ya ce ko sa, ko saniya, ko alade, duk sai da aka nuna.

Littafin Domesday ke nan, wurare sama da 13,000 a cikinsa,
Mai karatu ya duba jerin manyan da ke riƙe da ƙasa daga hannun sarki ya tuna,

Thorkell na Warwick da Colswein na Lincoln kusan su kaɗai suka rage cikin 'yan ƙasa,
Sauran duk baƙi ne, daga tsallaken teku suka zo da suna.

Ɗan Alƙali:

Hajiya, na yarda da lissafinki, amma ki bar ni in yi gyara,
Ba wawaso aka yi ba kamar na ɓarayin da suka fasa shaguna.

Wiliyam ya ɗauki kansa halastaccen magajin Edwad,
Shi ya sa littafin bai kira Harold sarki ba, ya rage masa suna.

Wanda ya ɗaga takobi tare da Harold ya zama ɗan tawaye,
Ƙasarsa ta koma ga sarki, a ba wanda aka fi ƙauna.

Sau da yawa akan ɗauki Basaksone guda a kira shi magabaci,
Duk gandun da ya riƙe, ko'ina yake, a miƙa wa Banorme ya zauna.

Haka dukiyar Ansgar ta koma hannun Geoffrey de Mandeville,
Ta Merleswein kuma Ralph Paynel ya karɓa har da iyakokin gona.

Kuma tun kafin yaƙin ma riƙon ƙasa yana tafe da nauyi,
In mai gandu ya rasu, sai an kai wa ubangidansa dawakai da makamai kafin magaji ya zauna.

Uwar Ɗaki:

Ƙanena, ka iya shari'a, amma kalmar gado ta yi maka nauyi,
Magajin da ba jini, ba wasiyya, takobi kaɗai ya nuna.

Kiran wanda aka kora magabaci ado ne na marubuta,
Ƙwace ne aka yi wa rawani don ya samu wurin kwana.

Ka duba arewa, inda aka yi tawaye a 1069,
Wiliyam ya bi Yorkshire cikin hunturu, rumbu da garma ya ƙona.

Bayan shekara 16 wakilai suka zo suna rubuta kufai, kufai,
A ƙauyukan da a da shanu takwas ke jan garma a gona.

Gandayen Edwin na Gilling aka ba Alan mutumin Brittany,
Ya gina ganuwar Richmond a can, to wace wasiyya ce ta ambaci wannan suna?

Autan Zaure:

Iyayena, ku gafarce ni in tsoma baki cikin zancen manya,
Akwai layi guda a littafin da ya hana ni barci jiya da na kwana.

A Marsh Gibbon ta Buckinghamshire akwai wani mai suna Ailric,
Gandunsa awo huɗu ne na haid, kowane kusan eka 120 in an auna.

Zamanin Edwad shi ke riƙe da gandun, ba a kore shi daga ciki ba,
Amma yanzu haya yake biya wa William fitz Ansculf kafin ya taɓa gona.

Magatakardan da ba ya rubuta komai sai shanu da kuɗin shiga,
Da ya zo kan Ailric ya ƙara kalma biyu, ya ce yana riƙe da shi cikin wahala da ƙuna.

Yaya Ɗan Alƙali, a wane babi za ka sa wannan bawan Allah,
Ga magabaci da ransa, yana kai wa magajinsa kuɗin haya da rana?