Wai da gaske ne gyara linki na sa Google ya ɗaga shafi sama?

Uwargida_Kicin:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin abin ku taimaka. Ina da ɗan bulog na girke-girke a WordPress, shekara biyu kenan, amma linkin kowane rubutu sai ya fito kamar haka /?p=482, ba sunan girkin ba komai. Jiya ƙanin maigidana ya gani yace wai shi yasa ba na fitowa a Google, in maida shi /miyan-kuka zan hau sahun farko. Na gwada da rubutu ɗaya mai taken ƙosai, dana kwafo linkin zan tura WhatsApp sai naga wani shirme %C6%99osai, wlh gabana ya faɗi na ɗauka na ɓata shafin ne. To in canza duka ko in bar su haka?

Dan_Farm_Centre:
Wa alaikumussalam Hajiya. Gaskiya kanin mijin naki ya dan zuzuta abin. Yana da amfani amma ba shi ke kai mutum sama ba, John Mueller na Google da bakinsa ya sha fada cewa kalmomin cikin linki tasirinsu kadan ne kwarai, kuma da zarar Google ya karanta abinda ke cikin shafin to shi yake bi. Ki bude duk wani labarin BBC Hausa ki duba adireshinsa, bayan /hausa/articles/ wasu haruffa ne da lambobi a cakude wanda ko aljani bazai karanta ba, amma kina rubuta abu a Google sau da yawa suna cikin wadanda zaki fara gani. YouTube ma watch?v= ne da tarkace. So ba nan gizo ke saka ba

Malam_Kwamfuta:
Hajiya ki kwantar da hankalinki, babu abin da kika ɓata. Wancan %C6%99 ɗin shi ne harafin ƙ. Adireshin intanet asalinsa haruffan Turanci zalla yake ɗauka, to duk harafi mai lanƙwasa sai an juya shi zuwa lambobi, ɗ ya koma %C9%97, ɓ ya koma %C9%93. Google yana gane su sarai, mutane ne dai in suka gani sai su ce linkin 'yan damfara ne su ƙi dannawa. Ni abin da nake yi, take na rubuta shi da ƙ ɗinsa daidai, amma a linki sai in sa kosai kawai, dama yawancin masu bincike haka suke rubutawa a waya, wa ke tsayawa neman ƙ yana sauri.

Batun canzawa kuma, ki shiga Settings sai Permalinks ki zaɓi Post name. Sa'arki ɗaya, tunda daga ?p= kike tashi WordPress da kansa zai riƙa tura tsohon linkin zuwa sabon, duk wanda kika taɓa rabawa a guruf ba zai mutu ba. Ki raba kalmomi da karan ɗori, miyan-kuka, ba miyan_kuka ba, shi Google ya ce a yi amfani da shi. Kuma kar ki zuba take gaba ɗaya, yadda-ake-hada-miyan-kuka-mai-dadi-cikin-sauki-ba-tare-da... haba, kalma uku huɗu sun isa.

Ummu_Khairat:
Ni dai bari in faɗa miki abinda ya sameni ki ɗau darasi. Nawa linkin da akwai shekara da wata a ciki, na tashi dare ɗaya na cire su saboda naji ance ya fi kyau, ban san ana yin wani abu wai shi 301 ba wato tura tsohon adireshi zuwa sabo, sai da wata ƙawata ta kirani tace ta danna rubutuna na alkaki ya nuna mata 404 wato ba a samu shafin ba, na shiga Search Console, wato inda Google ke nuna wa mai shafi matsalolin shafinsa, naga jan rubutu kaca-kaca, garin neman gira na kusa rasa ido. Sai da na zauna da Redirection, wata ƙaramar manhajar WordPress mai yin 301 ɗin, ina bin su ɗaya bayan ɗaya har na yi makara a sallar asuba ranar. Kuma bayan duk wahalar nan ban ga na matsa ko taki ɗaya a Google ba.

Dan_Farm_Centre:
Kinji ko. Kari ma tun Janairun 2025 Google ya daina nuna sauran linkin a sakamakon bincike na waya, sunan shafin kawai ake gani, kuma masu karanta girki ai duk da waya suke. Inda zai miki rana shine WhatsApp da Facebook, mace taga /dambun-nama tasan me zata bude

Uwargida_Kicin:
Allah ya saka da alheri duka. Na zaɓi Post name ɗin, na danna tsohon ?p=482 kuma ya kaini miyan kukar lafiya lau. Saura in bi masu ƙ da ɗ in gyara da hannu, sun kai arba'in. Malam, ƴ na 'ya'yan itace fa, y kawai zan sa ko yaya?