Wai ina labarin kantin Daily Table na Boston?

Maman Husna:
Assalamu alaikum, mazauna birnin Boston na Amurka. A 2019 na zo barkar haihuwar yayata, ta kai ni wani kanti a Codman Square cikin Dorchester, sunansa Daily Table. Muka cika jaka biyu da tumatir, albasa, ƙwai da ayaba, da aka faɗi kuɗin sai da na taɓa ta na ce ko yarinyar ta yi kuskuren lissafi. Yanzu maigida ya samu gurbin karatu mun tare a nan, jiya na hau bas takanas na je, na tarar babu shi. Tashi suka yi ko gyara ake? Kuma dama na gwamnati ne?

Baban Roxbury:
Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Maman Husna, amma kin makara. Sun rufe rassansu gaba ɗaya a watan Mayun 2025.

Ba na gwamnati ba ne, ƙungiya ce da ba ta neman riba. Wanda ya kafa ta sunansa Doug Rauch, ya yi shekara 31 a kamfanin kantunan kayan abinci na Trader Joe's, 14 daga ciki shi ne shugaba. Da ya ajiye aiki ya tafi Jami'ar Harvard wani shiri na manyan da suka yi ritaya, a can tunanin ya nuna. Abin da ya dame shi: a Amurka abinci kusan kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari a shara yake ƙarewa, ga kuma talakan da ba yunwar cikin wofi ke cinsa ba, cikinsa cike yake da soye-soye da lemon kwalba don su ne masu araha, daga nan sai ƙiba da ciwon suga.

Reshen da kika je shi ne na fari, an buɗe shi a Yunin 2015. Tun kafin a buɗe jaridu suka laƙaba masa kantin abincin da kwanansa ya wuce, mutanen unguwa kuwa suka ce ba za a mai da su juji ba. Ina ganin suna da gaskiya. Daga baya yawancin kayan saye kantin yake yi da rangwame, sauran kuma rarar da manoma da kamfanoni ke bayarwa. Namu na Roxbury ya zo a 2018, na Central Square a Cambridge 2021, sai Mattapan da Salem a 2023.

Ummu Sadik:
Baban Roxbury ka bar babban abin. Ni na taɓa bin layin karɓar abincin sadaka lokacin da aikin maigida ya tsaya. An ba mu, Allah ya saka, amma duk tsayuwar nan addu'a nake kada wata 'yar garinmu ta gifta. Daily Table kuwa, lokacin da yake buɗe, kwando za ki ɗauka, ki zaɓi abin da ranki ke so, ki biya ki fito, ba mai tambayarki nawa kike samu. Malamin jami'a da mai sharar ofis layi ɗaya suke bi. Ga masu katin tallafin abinci na SNAP, a lokacin akwai tsarin da ke rage musu rabin kuɗin ganye da kayan marmari. Dafaffen abincinsu dai mai nama ban taɓa saye ba, kin san mu da batun yanka. Yarana ma haushin wurin suke ji, wai babu alewa.

Ɗan Zongo:
Ni fa tun farko na san tafiyar za ta yi wuya. Ciniki bai taɓa ɗauke musu dukan kuɗin haya da albashi ba, kullum sai masu ba da gudummawa sun cike giɓin. Bayan korona kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi, tallafin gwamnatin tarayya ya ja baya, su kuma sun buɗe rassa biyu a shekara guda.

Baban Roxbury:
Shekara goma suka yi suna ciyar da unguwa, Ɗan Zongo, ba a ce musu ba su yi komai ba. Maman Husna, ki gwada kasuwar Haymarket, Juma'a da Asabar take ci, layin jirgin Orange zai sauke ki a bakinta. Ki riƙe tsabar kuɗi, kuma abin da kika sayo ki dafa cikin kwana biyu, ba ya jiran mutum.

Maman Husna:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ummu Sadik, in za ki je wannan Asabar ɗin ki taɓa ni mu tafi tare, har yanzu jiragen nan rikita ni suke yi.