Abin da aka tattauna kan haƙƙin ɗan haya a Legas

A tattaunawar da lauyoyi da dattawan unguwa suka yi a Agege, sun fi tsayawa kan notis, wato sanarwar da mai gida ke ba ɗan haya cewa ya tashi, domin nan 'yan uwanmu ke yawan cutuwa. A dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan shekara kuwa wata shida, sai in takardar yarjejeniya ta faɗi wani abu dabam. Shi ya sa aka ce a karanta ta kafin a sa hannu. Bayan wa'adin ya cika akwai notis na kwana 7, sannan kotu. Mai gida ba shi da ikon cire rufi ko ƙofa, ko watso kayanka waje, laifi ne.

Dokar ta hana a nemi sabon ɗan haya ya biya fiye da kuɗin shekara ɗaya. Ka karɓi rasit duk biya, ka adana, don ranar shari'a shi ne shaidarka. In ƙarin kuɗi ya wuce hankali, kana iya kai ƙara kotu.

Dokar ba ta shafi Ikoyi, Apapa, Victoria Island da Ikeja GRA ba.