Abokiyar zamana 'yar Sin ta kulle kanta a ɗaki, me zan yi?

Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a Manchester ta Ingila, mu huɗu ne a gida a unguwar Rusholme. Akwai wata 'yar Sin a cikinmu, shekararta 19, a Satumba ta zo. Yarinyar kirki ce wallahi, ita kaɗai ba ta taɓa yamutsa fuska don warin daddawata ba, har miyar kuka take sha, da na yi zazzaɓi ita ta dama min kunun shinkafa irin nasu. To tun makon jiya ta daina zuwa aji. Dare da rana wayarta na jingine a kan tebur, kyamara a kunne, wani mai kakin 'yan sanda yana kallonta. Jiya ta ce in ranta mata fam 2,000. Da na matsa, wai 'yan sandan Shanghai ne, an buɗe asusun banki da fasfonta an wanke kuɗin haram, in ba ta biya beli ba za a mayar da ita gida a ɗaure. Ta sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba.

Baban Khalifa: Ƙanwata, damfara ce tsagwaronta. Ɗaliban Sin sababbin zuwa suke farauta. Abin da zai biyo baya, su ce ta kama otal ta kashe waya, ta ɗaure kanta ta ɗauki hoto, su tura wa iyayenta a ce an sace ta. A 2020 'yan sandan Sydney ta Ostareliya sun ba da labarin ɗalibai 8 da aka yi wa haka. A Utah ta Amurka, ƙarshen 2023, cikin tanti a kan dutse aka tsinci wani ɗan shekara 17, iyayensa sun riga sun biya dala 80,000. Ki kira 101, lambar 'yan sanda, yau. In ta fita da jaka, 999, lambar gaggawa.

Hajiya Turai: 'Yan sandan nan? Hmm. Masu keke suka fizge min waya a Landan da rana tsaka, lambar rahoto kawai aka ba ni. Hotunan bikin 'yata duk sun tafi.

Sadiq: Anti ki cire hannunki. Biza gare ki, ba fasfon Birtaniya ba.

Baban Khalifa: Sadiq wace biza ake ƙwacewa don an kai rahoto? Ku daina tsorata mutane.

Zee: Ni dai iyayenta za ki nema ta WeChat, manhajar hira ta 'yan Sin, ko ofishin kula da ɗalibai na makarantarku. Ta riga ta tura wa 'yan damfarar wani abu?

Ummi: Ban tambaya ba. Kuma Yaya, ba ku gan ta ba ne, ko ruwa za ta sha sai ta nemi izininsa. In na kira 'yan sanda ta daina yarda da ni, wa ya rage mata? Alkawari fa na yi.

Baban Khalifa: Alkawarin da ɓarawo ya tsara? Kira kawai.

Hajiya Turai: Kuɗin dai kar ki ba ta.

Ummi: Fam 300 kawai na ba ta, shi ma don ta samu ta yi barci ne. Bari in ga yadda za ta tashi gobe.